Masu Gadin Cikin Jiki: Lokacin Kururuwa da Lokacin Yin Shiru

 

Mai girma Sarkin Hausawa, Allah ya ja zamaninka. Shugaban ƙungiya da 'yan majalisarsa, malamanmu Allah ya gafarta maku, iyayenmu mata, shugabannin 'yan goro da 'yan hatsi da 'yan gwari da mahauta da direbobi, samari da ɗalibai, muna yi wa kowa barka da zuwa.

Kwamitin lafiya ne ya ɗora mana nauyin wannan jawabi, saboda abubuwa uku da ake ta gani a unguwar nan tamu ta Sabo. Na farko, da mura ta kama mutum sai ya nufi kemis ya sayi kafso. Na biyu, akwai ƙwayar nan deksametazon da ake sha babu izinin likita, wasu don zazzaɓi, wasu don ƙiba. Na uku, akwai iyayen da ke hana yi wa yara rigakafi don wai jikin yaro na yin zafi bayan allura. Mu dai 'yan kasuwa ne, amma matambayi ba ya ɓata. Mun zauna da likitoci da 'ya'yanmu da suka karanci kimiyyar jiki, muka yi ta tambaya har muka gane cewa abubuwan nan uku tushensu ɗaya ne, watau rashin sanin yadda jiki ke faɗa da ƙwayar cutar da ake kira bairas. Shi ne za mu bayyana da harshen kasuwa.

Jikin ɗan'adam an gina shi da ƙananan ɗakuna da ake ce ma su ƙwayoyin halitta, kimanin tiriliyan 30, ido ba ya ganinsu. Kowace ɗaya kamar rumfa take, da kayan aikinta da ma'aikatanta da taskarta a tsakiya. A cikin taskar nan ake ajiye babban littafin gado, wanda masana ke kira DNA. In ana son a ƙera wani abu, ba a fito da littafin, sai a kwafi shafin da ake buƙata a wata 'yar takarda mai suna RNA, a aika wa ma'aikata.

Shi kuwa bairas ya fi ƙwayar halitta ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Na mura, in an jera guda 10,000 kafaɗa da kafaɗa, da ƙyar su kai milimita ɗaya. Ba shi da rumfa, ba shi da ma'aikata, ba ya iya hayayyafa da kansa. Abin da yake da shi kawai 'yar takardarsa ce a cikin kwanso. Sai ya lallaɓa ya shiga rumfar mutum, ya miƙa wa ma'aikata takardarsa, su bar aikin mai gida su koma buga masa 'ya'ya dubbai. Mura da ƙyanda da shan-inna da shawara da ciwon hanta da zazzaɓin Lassa da Ebola da korona duk ire-iren bairas ne ke kawo su.

Allah ya yi wa jiki dakaru iri biyu. Akwai sojojin da ke koyon fuskar abokin gaba su riƙe ta har shekaru, su ne allurar rigakafi ke horarwa. To amma su waɗannan, in baƙuwar cuta ce, sai sun yi mako ɗaya ko biyu kafin su gama shiri. Kafin nan wa ke riƙe da gari? Masu gadin da aka haifi mutum da su, waɗanda ke zaune a cikin kowace rumfa, suna tashi cikin sa'o'i kaɗan. A kansu maganarmu take yau.

Aikin mai gadi na fari shi ne ya shaida ɗan gida da ɓarawo, kuma mu mazauna Sabo mun fi kowa sanin nauyin wannan. Abin da ya sa ya yi wuya shi ne takardar bairas da takardar mai gida irin tawada ɗaya ce. A 2004 masana a ƙasar Japan, a ƙarƙashin Takashi Fujita, suka gano wani mai gadi mai suna RIG-I. Ashe kowace takardar aike ta gida tana fitowa daga taska da wata alama a kanta, wadda su masanan da kansu ke kira hula. In RIG-I ya ga takarda babu hula, kuma a ninke falle biyu, ya san ba ta gida ba ce. Yana da ɗan'uwa MDA5, shi kuma doguwar takarda mai falle biyu yake farauta, domin bairas ne ke yin irinta sa'ad da yake kwafar kansa. Sa'an nan a 2013 Zhijian Chen na jihar Teksas ta Amurka ya bayyana na uku, cGAS, wanda ke duba ko an ga DNA a tsakar rumfa. Littafin gado wurinsa taska, in aka gan shi yana yawo a waje, to akwai magana.

Ku lura da hikima ta farko a nan. RIG-I ba ya zama da usur a baki. A naɗe yake, hannayensa a ɗaure, sai ya damƙi takardar baƙo sannan ya warware. Da ya warware sai ya garzaya wajen wani furotin mai suna MAVS, wanda aka gano a 2005. Shi MAVS ɗaya yakan tayar da na kusa da shi, wannan ya tayar da wancan, su jeru kamar sarƙa, har ƙaramar magana ta zama kururuwa. Kururuwar nan ita ke isa taska, a buɗe shafin da ke ɗauke da umarnin ƙera wani ɗan aike da ake kira intaferon.

Intaferon tsohon sani ne. Tun 1957 Alick Isaacs da Jean Lindenmann suka gano shi a birnin Landan. Sun sa bairas na mura da aka kashe wa kaifi a kan tantanin ƙwan kaza, sai suka ga tantanin na fitar da wani abu wanda in aka zuba wa sabon tantani, bairas mai rai ba ya iya yaɗuwa a cikinsa. Watau rumfar da ɓarawo ya shiga, ko da ita ba za ta tsira ba, tana aika wa maƙwabta cewa ku shirya.

In saƙon ya isa ƙofar maƙwabciya, sai ta buɗe ɗaruruwan shafuka na tsaro. Wani ma'aikaci, PKR, ya tsayar da injin ƙere-ƙere cak, don kada a buga wa bairas 'ya'ya. Wani ya ɗauko almakashi ya dinga yayyanka duk takardar da ya samu, ta baƙo da ta gida. Wani ya tsaya a bakin ƙofa yana riƙe ƙafar 'ya'yan bairas da ke son fita. In abin ya gagara, rumfar takan kashe kanta da kanta don sauran su tsira.

To jama'a, kowane ɗan kasuwa ya san ranar da aka ce a rufe kasuwa asara ake yi. Tumatur ya ruɓe, goro ya bushe, mai dako ya koma gida hannu rabbana. Haka jiki yake. Zazzaɓin nan da ciwon gaɓoɓi da kasala da rashin son abinci da muke ji in mura ta kama mu, mafi yawansu aikin intaferon ne da 'yan'uwansa 'yan aike. Shaida kuwa ita ce, masu ciwon hanta da ake yi wa allurar intaferon a asibiti, sau ɗaya a mako har mako 48, sukan ji zazzaɓi da ciwon jiki kamar mura ta kama su, alhali babu murar. Ashe zafin jikin nan alama ce ta masu gadi sun farka.

Saboda tsadar rufe kasuwa, dole a sami mai cewa ya isa haka. A nan ne abin mamakin yake. Cikin shafukan da intaferon ke buɗewa, akwai waɗanda aikinsu shi ne kashe kururuwar intaferon ɗin kansa. Ɗaya SOCS1, wanda aka gano a 1997, ɗaya kuma USP18, wanda ke zuwa ya toshe kunnen ƙofa daga ciki yadda ko an ci gaba da ƙwanƙwasawa ba za a ji da ƙarfi ba. Watau ɗan aiken da ya kawo umarnin a rufe, a aljihunsa akwai takardar da ta ce in an jima a buɗe. Da masana suka cire SOCS1 daga jikin 'ya'yan ɓeraye, sai suka riƙa mutuwa kafin su cika mako 3, babu wata cuta daga waje, garkuwar jikinsu ce ta cinye su.

Akwai kuma masu shara. TREX1 yana bi yana share gutsattsarin DNA na gida da suka zubo tsakar rumfa, don kada cGAS ya gan su ya ɗauka ɓarawo ne. ADAR1 yana buga hatimi a kan takardun gida masu falle biyu don MDA5 ya ƙyale su. A 1984 likitoci biyu a Faransa, Jean Aicardi da Françoise Goutières, suka bayyana wata cuta ta jarirai, wadda ke taɓa ƙwaƙwalwa kamar yaro ya kamu da bairas tun a ciki, amma a duba a rasa bairas ɗin. Daga baya aka gano cewa irin waɗannan masu shara ne suka sami naƙasu ta hanyar gado, sai masu gadi suka dinga ihu dare da rana a kan 'yan gida. Mu da muka san abin da ihun "ɓarawo!" na ƙarya ke jawowa a cikin kasuwa, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Shi ma ɓarawon ba a zaune yake ba. Bairas na infuluwenza yakan sace hular takardar gida ya ɗora wa tasa, na Lassa ma haka yake yi. Na ciwon hanta nau'in C yana da wuƙar da yake datse MAVS, kururuwa ta mutu tun ba ta fita ba. Na ƙyanda yana ɗaure MDA5. Na Ebola, wanda ya shigo Legas a watan Yuli na 2014 ya kama mutum 20, takwas suka rasu, dabara biyu gare shi: yana lulluɓe takardarsa kada a gani, kuma yana tare saƙon intaferon kada ya isa taskar maƙwabta. Na Lassa kuwa yana da wani furotin da ke bi yana cinye takardarsa mai falle biyu, kamar ɓarawon da ke tafiya yana share sawunsa.

Abin da korona ta koya wa duniya shi ne, komai na wannan faɗa lokaci ne. Tun 2016 masana a jami'ar Iowa ta Amurka suka nuna a jikin ɓeraye cewa in intaferon ya zo da wuri yakan ceci dabba, in kuwa ya makara har bairas ya cika huhu, sai zuwansa ya ƙara ɓarna, domin yana kiran dakaru su yi ta luguden wuta a cikin huhun. A 2020 wata tawaga a ƙarƙashin Jean-Laurent Casanova ta duba mutum 987 da korona ta kai su bakin mutuwa, aka sami 101 waɗanda jininsu ke ɗauke da sojojin da ke kama intaferon ɗinsu na kansu suna kashewa, kuma 95 daga cikinsu maza ne. Watau ana tare ɗan aike a hanya, maƙwabta ba su ji komai ba sai da wuta ta ci rabin kasuwa. An kuma gano cewa wannan matsala ta fi yawa ga tsofaffi.

A watan Yuni na shekarar dai, babban gwajin da jami'ar Oksfod ta Ingila ta jagoranta ya fito da sakamako a kan deksametazon, maganin da ke kwantar da garkuwar jiki. Ga waɗanda ke kan na'urar numfashi ya rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku. Ga waɗanda ake ba iskar oksijin ya rage da kashi ɗaya cikin biyar. Ga waɗanda ciwonsu bai kai ga buƙatar oksijin ba, bai amfane su da komai ba, har ma aka ga alamar zai iya cutar da su. Ku duba fa, ƙwaya ɗaya ce. In an ba da ita lokacin da dakaru suka wuce gona da iri, rahama ce. In an sha ta a ranar farko, an ɗaure mai gadi ne an bar wa ɓarawo ƙofa. Wanda zai iya rarrabe waɗannan lokuta biyu likita ne da ya auna mara lafiya, mai kemis ba zai iya ba.

Yanzu sai mu dawo kan abin da ya rage gare mu.

Na ɗaya, kafso irin su amfisilin da tetarasaikilin an yi su ne don bakteriya, wata halitta daban mai rumfarta da ma'aikatanta. Ba su taɓa bairas ko kaɗan. Mai mura da ya sha kafso ya warke bayan mako guda, masu gadinsa ne suka warkar da shi da ikon Allah, kuɗin kafso kuwa ya tafi a banza. Ƙari a kan haka, yawan shansu na sa bakteriya su saba, ranar da ake buƙatar maganin da gaske ya ƙi ci. Abin da mai mura ke buƙata shi ne hutu da ruwa da abinci, da farasitamol in zafin ya dame shi. Kada a ba yara asfirin in suna mura ko ƙyanda ko ƙarambau, domin yana iya jawo wata muguwar cuta da ke taɓa hanta da ƙwaƙwalwa.

Na biyu, deksametazon da faredinisolon. Iyayenmu mata, a yi haƙuri, wannan magana ta fi shafar ɓangarenku, musamman 'yan matan da ake shirin aurarwa. Ƙwayar ƙibar nan da wasu ke kira sha-ka-fashe, kumburi take kawowa, tana tayar da hawan jini da ciwon suga, tana cin ƙashi, sa'an nan tana sa masu gadi barci. Wanda ke ɗauke da tarin fuka ko ciwon hanta nau'in B a kwance, tana iya tayar masa da shi. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manyan Nijeriya na ɗauke da wannan ciwon hanta, da yawa kuma ba su sani ba. Wadda ta daɗe tana sha, kada ta yanke rana ɗaya, haɗari ne. Ta je asibiti a rage mata sannu a hankali.

Na uku, rigakafi. Sojojin nan masu riƙe fuskar abokin gaba ba su fara koyo sai masu gadi sun yi kururuwa tukuna. Don haka ɗan zafin jiki na kwana ɗaya ko biyu bayan allura, shi ne alamar an buɗe makaranta, darasi ya fara. A kai jariri a yi masa allurar ciwon hanta cikin sa'a 24 da haihuwa, ko da a gida aka haihu. Ta ƙyanda kuwa a wata 9, a maimaita a wata 15. Ƙyanda ba wasa ba ce, domin an tabbatar a 2019 cewa tana goge wa garkuwar yaro abin da ta haddace na wasu cututtuka, ya koma kamar bai taɓa haɗuwa da su ba.

Na huɗu, Lassa. An fara gane cutar ne a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yau, amma a shekarun nan jihohin Ondo da Edo da Bauchi suna cikin waɗanda suka fi fama da ita, kuma da rani take tashi. Wani ɓera ne ke yaɗa ta ta fitsarinsa da kashinsa. Mutum 4 cikin 5 da suka kamu ba su jin wani ciwo mai tsanani, na biyar ɗin kuwa yana iya rasa ransa, ko ya tashi da kurumta. Tun da mun ji yadda wannan bairas ke share sawunsa, mun san ba a jiransa ya bayyana kansa. Duk zazzaɓin da aka sha maganin cizon sauro kwana 2 ko 3 bai sauka ba, a tafi asibiti a yi gwaji, domin maganin da ake bayarwa ya fi aiki a kwanaki 6 na farko. Asibitin Irrua a Edo da na tarayya da ke Owo sun daɗe suna kula da masu wannan cuta. 'Yan hatsi da masu sito, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. A ɗaga buhuna daga ƙasa, a toshe ramuka, a rufe abinci da murfi, a daina shanya gari a bakin titi, a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa tsofaffin buhuna. In mai irin wannan zazzaɓi ya rasu, a nemi shawarar ma'aikatan lafiya kafin wanka, kuma malamanmu suna nan don su nuna yadda za a cika haƙƙin mamaci ba tare da an jefa masu rai cikin haɗari ba.

Na biyar, sanyi. Iyayenmu da ke cewa a rufe hanci da rawani lokacin hunturu suna da hujja. A 2015 masana a jami'ar Yel ta Amurka, a ƙarƙashin Akiko Iwasaki, suka gwada ƙwayoyin halittar hanyar numfashi na ɓeraye, suka ga a ma'aunin zafi 33, irin na cikin hanci, kururuwar intaferon ta fi rauni a kan 37 na cikin jiki, bairas na mura kuma ya fi yaɗuwa. Direbobinmu da yaran mota da ke kwana a kan kaya tsakanin Arewa da Kudu, a rufe jiki, a sami barci. Tsofaffinmu kuma, in mura ta zo da haki ko numfashi sama-sama, kada a jira gobe.

Malamanmu sun karantar da mu tun muna Islamiyya cewa neman magani ba ya warware tawakkali, kuma jiki amana ne. Wanda ya dubi yadda aka tsara mai gadi da ɗan aike da mai shara da mai cewa ya isa, duk a cikin abin da ido ba ya gani, ya san ya kamata ya taimaki wannan tsari maimakon ya dagula shi da ƙwayar naira ɗari. Muna roƙon mai girma Sarki da majalisa su kira masu kemis na unguwa a zauna da su a kan sayar da waɗannan magunguna babu takardar likita. Muna kuma roƙon limamai su tuna wa jama'a ranakun rigakafi bayan sallar Juma'a, shugabannin 'yan hatsi kuma su sa ranar sharar sito kafin rani ya kama.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, ya sa albarka a kasuwancinmu.